Ɗaɗɗoya a Rumbun Wake

Zuwa ga Yaya Mamman a Gwanja,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina baƙunta? Ya iyali, ya mutanen ayarinku? Mu nan Dawaki da sauƙi dai.

Waken bana ya tafi, Yaya. Ƙafar Inna ta hana ta sauka fadama, sai ta aike ni in tsinko ganyen bunsurun fadama da take shimfiɗawa a rumbu saboda ƙwari. Na tarar an nome wurin an dasa rake. Na yi ta yawo har ƙafa ta gaji, na tsinko ɗaɗɗoya na shimfiɗa a rumbun, tunda ita ma tana da ƙamshi.

Shekaranjiya muka buɗe rumbu, wake duk huda, rabi gari. Inna ta damƙo ganyen ta sunsuna, ta ce, "Ɗan nan, ai miya ka yi wa ƙwarin."

Ka sa mu a addu'a, ko iri ba mu tsira da shi ba. Ka gaida madugu.

Inna ta ce ka dawo tun hancinta na aiki, ta nuna maka ganyen. Ni ta haƙura da ni.

Ƙaninka,
Audu