Na Ji Muryata A Bayan Odiyon Mai Ɓata Mana Tafiya

Assalamu alaikum mutanen wannan gida, manya da yara. Admin, 'yata, ki rubuta yadda na faɗa miki a odiyo, kar ki gyara mini magana, sunana kawai za ki ɓoye, sunayen da zan kira kuwa duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, ni da ake yi wa sallama a ƙofa don a nemi tawa.

Ni tsohuwa ce a Aboabo, man kaɗanya nake sayarwa tun kafin a haifi yawancinku. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango sai dai in wuce shi, amma bakina bai taɓa ba ni kunya ba. Shi ya sa matan patinmu na unguwa suka naɗa ni magajiya. In ana kamfen ni ke tara mata, ni ke ba da waƙa, in na saka odiyo a guruf ɗinmu na waya har daga unguwar Choggu ake kirana a ce Mma a ƙara mana.

To ana cikin haka wani ya shigo guruf ɗin, wai shi Baba Mai Kishi, ya ce tsohon ɗan pati ne da ke zaune a Kumasi. Hotonsa tutar pati ce, ba fuska. Gaisuwarsa kamar zuma, kowa sai ya kira shi da girmansa. Kullum yakan fara da cewa yana tare da Honarabul ɗinmu har kabari, daga nan sai ya sauke murya ya ce amma abu ɗaya ke hana shi barci. Yau ya ce ya ji Honarabul bai je ta'aziyyar wane ba, mutane na magana, shi dai tsoro yake ji. Gobe ya ce mata ku yi hattara da zuwa rali, an ce za a yi jifa, shi ba ya son a ji wa iyayenmu ciwo. Bai taɓa zagi ba ko sau ɗaya. Yana gamawa sai wasu lambobi da ba wanda ya sani su fito, gaskiya ne Baba, mu ma muna son Honarabul amma jikinmu ya yi sanyi. A hankali matan da nake cika loori, babbar mota, da su suka koma ba su cika yalo-yalo biyu ba, keken hayan nan mai ƙafa uku. Ni kuwa har kare shi na yi, na ce dattijo ne, mai ƙaunarka ne ke gaya maka bakinka na wari. Muryarsa tana mini kama da ta marigayi maigidana, shi ya sa zuciyata ta kwanta da shi.

Sai ya fara faɗin abubuwan da ba a guruf aka yi su ba. Abin da muka tattauna a tsakar gidana, mu da shugabannin samari, washegari sai ka ji shi a bakinsa, wai ya ji ƙishin-ƙishin kuma abin ya dame shi. Daga nan ya ce shi tausayinmu yake ji, don akwai munafuki a cikinmu, kuma ba zai kira suna ba, amma a duba wanda surukansa ke ɗaya ɓangaren. Kowa ya san mutum ɗaya ne haka, Sule tela, mai ɗinka mana tutoci, bawan Allah da ko kaza ba ya iya kora. Samarin da ke zama a rumfar pati, shugabansu Fuseini, suka ɗauki maganar. Yanzu ba mai kai wa Sule ɗinki, an shafa masa baƙin mai a ƙofar shago, babura kan tsaya a gabansa su yi ta ƙara su wuce ba sallama. Ni na ga abin da irin wannan tsayuwar ke haifarwa a garin nan, ba labari aka ba ni ba.

Ranar da abin ya juya mini, ina rumfata da rana ba ciniki, na sa waya a kunne ina sake jin wani odiyonsa. Can ƙasa, bayan maganarsa, sai na ji wata mata tana faɗa daga nesa, "Ke Azara, kwashe barkonon nan hadari ya taso, ko sai na taso da kaina?" Jama'a, ni ce. Muryata ce, Azara matar ɗana ce, barkonon nawa ne, na tuna ranar. Mutumin Kumasi a tsakar gidana yake magana. Ɗakin da tagarsa ke kallon wurin shanya kuwa na autana ne, Awudu, mai tuƙa yalo-yalo. Na sake saurara, na bar abin da yake faɗa na bi numfashin, sai na ji yarona a ƙarƙashin muryar tsohon. Tun yana ƙarami yake kwaikwayon babansa yana ba mu dariya, ashe abin da ya ɗauka ya kai kasuwa ke nan. 

Ban tunkare shi kai tsaye ba. Da ya zo cin tuwo na ce Allah ya tona asirin Baba Mai Kishi, ya ce amin bai ɗago ba. Na ce an kusa kashe Sule a kan abin da bai yi ba, ya ce ba wanda zai taɓa Sule, surutu ne kawai na 'yan rumfa. Na ce ina ka samu wayar da kake ɓoyewa a ƙarƙashin kujerar yalo-yalo, sai ya wanke hannu ya ce, "Mma, kar ki sa kanki a abin da ba ki iya karantawa." Ni Awudu ya gaya wa haka, ni da na goya shi ina dakan kaɗanya. Wanda ya sa shi ban sani ba, abin da aka ba shi ban sani ba, kuma bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne.

Kuma ba ni kaɗai ke da kunne ba. Hajiya Memuna, wadda ta nemi kujerar magajiya aka ba ni, ta tsaya a rumfata ta taɓa man ba ta saya ba, ta ce, "Magajiya, ashe Kumasi ma akwai mai faɗa irin naki, har da Azararta." Ta yi dariya, idonta bai yi ba. Ban san wa ta gaya wa ba. Da na wuce rumfar samari jiya, maimakon su tashi su ce Mma sannu kamar kullum, biyu ne suka gaishe ni, sauran suna kan waya ɗaya sun haɗa kai.

Fuseini ya zo har gida ya durƙusa, ya ce samari sun gama magana, bayan sallar Juma'a za su je su yi wa Sule tambaya, kuma kun san irin tambayarsu. Ya ce suna so in saka odiyo in ce mata na bayansu, don maganata ce ke sa unguwa ta yi shiru. Na ce ya ba ni lokaci. Ya daɗe yana kallon tagar Awudu kafin ya tashi, ko ni ce nake ganin haka, Allah masani. In na yi shiru, Sule mai 'ya'ya ƙanana zai sha abin da ba shi ya dama ba. In na faɗi gaskiya, baburan nan ƙofata za su juyo, kuma ba na jin furfurata za ta tare su. In na ce wa Sule ya gudu, gudun ne zai zama shaida. Na so in gaya wa liman, amma ƙaninsa a rumfar samarin yake zama.

Yau da safe kuma Baba Mai Kishi ya saka sabon odiyo. Ya ce ba wanda yake ƙauna kamar Magajiya, uwa ce gare mu duka, amma abu ɗaya ke damunsa, tsufa ya fara taɓa ta, an ce tana jin muryoyin da babu, ya kamata a tausaya mata a bar ta ta huta, duk abin da ta faɗa kwanan nan a yi mata uzuri. Lambobin nan suka fito, Allah sarki Mma, Allah ya ba ta lafiya. Har da matan da na sani suka sa amin. Ina cikin ji Awudu ya shigo daga wankin yalo-yalonsa, ya rusuna ya ce Mma ina kwana, ya jikin?

Na amsa masa lafiya. Juma'a ta ƙarato, 'ya'yana. Ku gaya mini ƙofar wa zan fara bugawa, ta Sule, ta Fuseini, ko ta ɗakin da ke kallon shanyata? In kuma na buɗe baki yanzu, akwai sauran wanda zai yarda da ni?