Garwar Farko ta Famfon Bakin Kwata

Zuwa ga 'yata Memuna, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririn da ban ɗauka ba tukuna. Mu nan Nima, ƙaninki Isifu lafiya lau, yana koyon gyaran mota a Abossey Okai. Gwaggonki ta Alajo ta warke daga zazzaɓi. Ni ma alhamdu lillahi, ina fita sayar da dokununa, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, a Kasuwar Malam Atta. Babanki ne ba lafiya. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, tun azumi bai taka ƙofar gida ba.

Da hannuna nake rubuta miki. Ajin manya da furfura ya same ni, sai ki yi haƙuri da layin da ya karkace.

Bencin ƙofar gida bai huta ba. Tun hantsi mutane ke zuwa wurin babanki, Kansila, kamar dā. Wannan an rushe masa rumfa, waccan 'yan tankas masu duba tsafta sun leƙa randarta sun ce sai kotu, wani yana so a kwashe jujin bayan masallaci. A kwance yake sauraronsu ta taga, har da faɗa idan an yi masa ƙarya.

Famfon ya iso, Memuna. Wanda babanki ya yi shekaru yana bin ofishin hukumar gari a kansa, har duga-dugansa suka tsage. Dattawa sun so a kafa shi a ƙofarmu, ya ƙi. Ya ce a kai shi bakin babban kwata, kusa da ɗakunan matan arewa masu dako a kasuwa. Kin san maganarsa: kansila a bayan layi yake sha.

Kwanan nan in na kishingiɗa bayan azahar, ke nake gani. Kina 'yar ƙarama, garwa a kai, kina hawowa daga rijiyar Maamobi, ruwa na zubo miki a wuya yana ƙyalli. Sai kwatan nan mai wari ya zama rafi garau, kina tafiya a kansa ba gada. Ina kiranki, ba kya waiwaye. In na farka, sai tarin babanki nake ji.

Na san abin da ke ranki. Ranar da za a kai ki ɗakin miji ruwan sama ya cika kwata, ya kwashe gadar katako. Babanki ya fita da babbar rigar biki yana tsamo tabarmi da tukwanen mutane, lori ya tashi da ke bai sa miki albarka ba. Kika ce mini, Baba na Nima ne, ba nawa ba. Ban taɓa gaya masa ba. Amma duk direban goro da ya zo daga Kumasi, sai ya tambaye shi ko an ba shi saƙo.

Ranar Juma'ar bayan Babbar Sallah za a buɗe famfon. Dattawa sun ce garwar farko tasa ce, za a kawo masa har gado. Ya ce ba zai sha ba sai daga hannun wadda gammo ya cinye mata gashin tsakar ka tana yi wa gidan nan ɗiban ruwa, shi yana can yana nema wa unguwa. In ba ta zo ba, a ba wa wani. Ya faɗa, ya juya fuska bango.

'Yata, ba na son yadda numfashinsa yake. Ban san ko zai ga wata damina ba.

Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya raya mana jaririn, Ya ba babanki sauƙi. Ki aiko mini amsa ta hannun direban goro kafin ranar Arfa, ko da kalma ɗaya ce, zan iya karanta ta da kaina.

Na wanke tsohon gammonki, yana kan igiya.

Uwarki,
Adisa