Rawanin Gagarau

Dutsin-Ma,
6 ga Maris, 1984.

Zuwa ga abokina Cornelius,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Roda da jaririya, da aikin malamin gona a Kurfi. Ni ma lafiya, sai dai ina cikin wani hali.

Ka tuna wasan da muka ƙirƙira a ɗakinmu na jami'a, Shiga Daji? Na farfaɗo da shi a nan. Muna zama bayan la'asar a gindin darbejiya, ƙofar shagon Ilu tela. Ni ne mai labari. Jarumin Ilu maƙeri ne, na Julius, wani ma'aikacin asibiti, maharbi ne, na Malam Bilya, abokin koyarwata, masunci ne. Ƙa'ida tana nan yadda muka bar ta: in faɗi abin da ke cikin daji, kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa ƙwayar lido a ga ko ya dace. Mai bajinta ya sami ƙwallon dabino, goma su hau da shi mataki na gaba, na bakwai ne ƙarshe. Ba a sa ko kwabo, na bayyana wa limamin unguwa haka tun farko.

To, ka san a watan Mayu magabatana za su zo daga Wurma neman auren Sauda. Mahaifinta, wanda ba zan rubuta sunansa ba, ya biyo ta shagon don karɓar ɗinki, ya tsaya kallo, ya ce a matsa masa. Na miƙe zan gudu, ya ce in zauna. Ya raɗa wa jaruminsa suna Gagarau.

A ƙa'ida sabon jarumi da sanda kaɗai yake farawa. Baba ya ce Gagarau da layar zana aka haife shi, da maganin ƙarfe, da baduhu. Na ce to. Ya ce yana da lori. Na ce, kaina a sunkuye, "Baba, dajin babu titi." Ya ce, "Sa'ad da na fara kai gyaɗa Kano, titi ka shimfiɗa mini?" Na rubuta lori.

In ya jefa ƙwaya ta ba da ɗaya, sai ya ce hannu ne ya zame, ya sake. Ni kuwa ban isa in dube shi ba, balle in ce a'a. Yanzu yana mataki na shida, Julius da ya riga shi da wata uku yana na biyu. Jiya Ilu ya ce shi ya gaji da zuwa daji ɗaukar wa Gagarau kaya.

Ka ba ni shawara. Ka gaida Roda.

Naka,
Sabitu.

*

Kurfi,
12 ga Maris.

Ango,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wa Roda takardarka, ta yi dariya har ta tada yarinya.

Malam Tukur direba kake nufi. Ni ba surukina ba ne, zan faɗi sunansa. Ai shi ne wanda 'yan dara suke kwashe tsinkayensu in sun hango shi. Kai kaɗai ne a Dutsin-Ma ba ka ji labari ba, kana can kana lissafi.

Maganin abin ba wuya. Kai ne mai labari, dajin naka ne. Ka fito da dodon ruwan nan da muka tanada ba mu taɓa amfani da shi ba, wanda sai da shida sau uku a jere ake kada shi. Ya haɗiye Gagarau da lorinsa. Ba kai ka kashe shi ba, dodo ne. Sai ka yi masa ta'aziyya, ka ci gaba da harkarka.

Ka rage tsoro, aure ake nema ba jarrabawa ba.

Cornelius.

*

Dutsin-Ma,
25 ga Maris, 1984.

Abokina,

Bayan gaisuwa. Na bi shawararka, Allah ya saka maka, amma ka manta abu ɗaya, ni ma na manta: muryar dodo daga bakin mai labari take fitowa.

Na shirya sosai. Na lissafa, samun shida uku a jere sau ɗaya ne cikin ɗari biyu da goma sha shida. Na kai su bakin tafki, na ce ruwa ya dare, dodo ya fito. A takardata na rubuta zai ce, "Wane ƙaramin mara kunya ne ya taka mini gaɓa?" Na buɗe baki, sai na ga takalmin Baba a gefen tabarma. Cornelius, abin da ya fito shi ne, "Ranka ya daɗe, an zo lafiya?" Malam Bilya ya rantse har durƙusawa na yi. Ban musa ba, don gwiwar wandona ta yi ƙasa.

Baba ya dubi dodon, wato ni, ya ce, "Kai ɗan gidan wane ne?" Na ce na gidan Sarkin Ruwa. Ya ce ai ya san ubansa, ya taɓa rage masa hanya. Daga nan ya tambaye shi ko yana da aikin yi. Ba a jefa ƙwaya ba ko sau ɗaya. Yanzu dodon shi ne yaron motar Gagarau, shi ke sa wa taya waigi in an tsaya a gangare.

Wannan bajinta ta kai shi mataki na bakwai. Julius ya ce aiki ya yi masa yawa a asibiti, alhali ina ganinsa wajen mai rake. Ilu ya koma kan keken ɗinkinsa, ya juya mana baya. Ranar Alhamis daga ni sai Baba a tabarma, ina ba shi labari yana cinye dajin shi kaɗai.

Ga abin da ya fi damuna. Da na je zance, Sauda ta ce ta ji shi yana ce wa mahaifiyarta, "Yaron nan mutum uku ya kasa riƙewa a tabarma. Anya zai riƙe gida?" Ta ce ya ambaci ɗage zuwan mutanen Wurma sai ya ƙara dubawa. In na hana shi, na yi wa suruki rashin kunya. In na ƙyale shi, ni rago ne. Kuma yau ya aiko a tambaye ni me ke mataki na takwas. Babu mataki na takwas. Na duba takardunmu har sau biyu.

Naka cikin damuwa,
Sabitu.

*

Kurfi,
1 ga Afrilu.

Ango,

Gaisuwa. Roda ta ce in daina karanta mata takardunka tana cin abinci.

Gaskiya dabarata ta ƙare. Ni ma nan haushi nake ji. Abokin hirata ɗaya tak a wani ƙauye, wanda muke shan rake tare a bakin hanya, an naɗa shi Sarkin Noma. Shi ke nan. Na je jiya, yana zaune kamar an dasa shi, ba ya dariya, ba ya ci a gaban mutane, magana ma sai wani ya maimaita mini. Da aka watse ya raɗa mini cewa rawanin ƙaiƙayi yake masa.

Ka yi haƙuri. In abin ya ƙi, ka ce ƙwayar lidon ta ɓace.

Cornelius.

*

Dutsin-Ma,
15 ga Afrilu, 1984.

Abokina,

Bayan gaisuwa. Ƙwayar ba ta ɓace ba, don haka ba zan ce ta ɓace ba. Amma labarin Sarkin Nomanka ya ba ni mataki na takwas.

Na rubuta shi da kyau, na bi Julius da Ilu da Malam Bilya na roƙe su zama ɗaya. Na karanta a gaban kowa, idona a kan takarda: wanda ya wuce mataki na bakwai ya fi ƙarfin daji, sai sarauta. Sarkin Daji ba ya fita farauta. Ba ya jefa ƙwaya, don sarki ba ya gwada sa'a. Ba ya magana sai ta bakin dogarinsa. Ba ya ci a bainar jama'a. Kayansa kuwa na talakawansa ne, ya raba musu ranar naɗi.

Baba ya ce, "Ba wanda ya taɓa kai wa nan?" Na ce babu, kuma gaskiya ce. Ya ce a naɗa.

Ilu ya kawo farin yadi ya naɗa masa da kansa, har da amawali da ya rufe baki. Julius ya sami layar zana, Ilu maganin ƙarfe, Malam Bilya lori. Dodo ya zama dogari, wato ni ke magana a madadin Sarki, kuma na lura Sarki yana yawan cewa a bi ƙa'ida.

Wasan ya dawo. Jiya kura ta kusa cinye Julius, ya tsira da ƙwaya ta ba shi biyar, har mai rake ya bar rakensa ya zo kallo. Baba yana kan kujera cikin zafin nan na bazara, gumi na bin rawani, ana cin gyaɗa a gabansa. Da aka zo wurin kurar na ga hannunsa ya nufi ƙwaya, ya mayar da shi cikin riga.

Amma ban san abin da ke bayan amawalin ba. Zama uku ke nan bai ce mini uffan ba, ko a hanya hannu kawai yake ɗaga mini. Sauda ta ce a gida ma ba ya zancena. Ban sani ba ko in aika Wurma su dakata. Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Sabitu.

*

Dutsin-Ma,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Malam Sabitu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa. Ni Tukur ke faɗa, Sauda ke rubutawa, tunda Sarki ba ya magana da bakinsa. Tana dariya, na ce ta bari.

Yaro, tun ranar naɗi na gane. Tun ina yaron mota ba a taɓa sauke ni daga kujerar gaba ba sai da rigima. Kai ka sauke ni, ka raba kayana, ina sa maka albarka. Wanda ya iya wannan zai iya da Sauda, don halina ta ɗauko.

Ka gaya wa mutanen Wurma su zo ranar da aka sa.

Sarki ya yi murabus, rawani zafi. Gobe zan fara sabon jarumi daga mataki na ɗaya, da sanda, yadda ka ce. Sai dai ka duba mini ƙa'ida, ko Malam Bilya yana neman direba.

Wassalam,
Babanku.