Na Koya Wa Na'ura Ƙarya, Kuma Ta Ci Jarrabawa

Malama mai wannan fili, don Allah ki taimaka mini, na ɗebo ruwan dafa kaina da hannuna. Ki yi haƙuri da rubutuna. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, ba don na ƙoshi ba, malamai ne suka ƙoshi da ni.

Aikina duba kwalba a wani kamfanin lemo, shekara ashirin da biyu ke nan. Ana zama a kan doguwar kujera, ga farar fitila a gabanka, kwalaben da aka wanke suna wucewa a kan bel kafin a zuba musu lemo. Wadda ta tsage, ko bakinta ya ɓantare, ko datti ya maƙale a gindinta, sai ka zare ta. Minti ashirin a ɗaga ka, idonka ya huta, wani ya zauna. Mu shida ne. 'Ya'yana biyar, kuma idan an tambaye su a makaranta sai su ce babansu jami'in kula da inganci ne. Ni dai na san mutum ne da ake biya don ya zura ido.

Amma ina da abu ɗaya da nake taƙama da shi. Akwai wani tsagi siriri da ke fitowa a ƙarƙashin leɓen kwalba, mu muna ce masa gashin jariri. Ba ya nuna kansa sai kwalba ta ɗan juya haske ya karye a kansa. Irin wannan kwalbar lafiya ƙalau take shan lemo a rufe ta, sai ranar da wani ya sa mabuɗi, bakin ya ɓare, ɓurɓushin gilashi ya faɗa ciki. Na taɓa ganin wani direbanmu da ya sha irinta, sati biyu da hannu yake magana. A cikinmu shida babu mai kama gashin jariri kamar ni.

Wata huɗu da suka wuce aka kawo wani akwati mai kyamara uku aka kafa a kan bel. Aka ce ƙirƙirarriyar basira ce a ciki. Ni kafin in gama faɗin sunan kwalba goma sun wuce, don haka muka sa masa suna Magaji, tunda shi zai gaje mu tun muna da rai. Wadda ta zo da shi wata injiniya ce, sa'ar babbar 'yata, mai ladabi, Baba take ce mini. Ta yi mana bayani cewa shi Magaji bai san komai ba tukuna, sai an nuna masa hotunan kwalabe dubbai, ana gaya masa wannan mai kyau ce wannan marar kyau, har ya gane da kansa. Manaja ya ce a ba shi malamin da ya fi kowa ido. Aka nuna ni. Har hula na gyara.

Aka kai ni wani ofis mai sanyi, wanda a rana ta biyu ya ba ni mura. Ga allo, ga maɓalli kore, ga ja. Hoto ya fito, mai kyau in danna kore, marar kyau in danna ja. Kwana uku ina yi da zuciya ɗaya. A rana ta huɗu abokin aikina Dogo ya tare ni a wurin wanke hannu, ya ce wuƙar da za a yanka mu da ita nake wasawa, har ina murmushi. Ya ce a injin shinkafar da ƙanwarsa take tsintar tsakuwa an kawo irin wannan, mata ashirin suka koma gida. Malama, a ranar na zauna na yi lissafi. Na dubi kaina, shekara arba'in da tara, ba takarda, ba sana'ar hannu. Wa zai ɗauki tsoho aiki don ya iya kallo?

Sai na yi dabara irin ta mai aji biyu. Na ce duk abin da kowa zai iya gani zan gaya wa Magaji gaskiya, amma gashin jariri zan ɓoye masa. Duk hoton da na hango shi a ciki, sai in danna kore. Sun kai ɗari uku cikin hotuna wajen dubu tara. Lissafina shi ne, ranar gwaji za a jero kwalabe, Magaji ya bar masu tsagi su wuce, ni kuma in miƙe a hankali in zare ɗaya in ɗaga sama gaban manaja, kowa ya san tsohon ido ba abin yarwa ba ne. Har yadda zan yi gyaran murya na tanada.

Ranar gwaji ta zo, ko kwalba ɗaya ba a jero ba. Ashe injiniya ta ware wasu daga cikin hotunan da na danna, ba ta nuna wa Magaji ba. Su aka ba shi, aka gwada amsarsa da tawa. Ɗalibi ya haddace malaminsa har da ƙaryar. Aka ce ya ci casa'in da tara cikin ɗari. Aka yi tafi, manaja ya riƙe hannuna da hannu biyu, aka ba ni agogon bango. Ni ma na tafa, me zan yi?

Ga inda gizo ke saƙar. An sanar cewa daga ɗaya ga watan gobe za a ɗauke kujerar gaban fitila, Magaji kaɗai zai riƙa dubawa. Yau saura kwana goma sha biyu. Mutum uku an ce za a mayar da su sito, Dogo da wani ba a ce musu komai ba tukuna. Ni kuwa, ɓarawon, ni aka ce zan zauna a matsayin mai kula da Magaji, in goge masa ido in kira injiniya idan ya yi ƙara. Aikin da na yi ƙarya don kada ya kuɓuce ya zauna, har da sabuwar riga.

A yanzu muna nan zaune a bayansa, ana ce mana sahu na biyu. Kullum sai na zare kwalba bakwai ko takwas masu gashin jariri da ya bari suka wuce, in jefa cikin kwandon fasassu ba tare da na gaya wa kowa ba. Sauran kuwa sun saki jiki, sun ce na'ura ta riga ta duba. Idan aka ɗaga ni hutun ido, ban san abin da ya wuce a bayana ba.

Shekaranjiya na ga autarmu a bakin shago ta kafa kai a kwalbar lemo. Ban san lokacin da na fizge ba, na ɗaga ta sama ina juyawa a rana kamar mahaukaci, yarinya tana kuka, mai shago yana kallona. Na hana shan lemo a gidana. Uwar yaran ta ɗauka ciwon suga likita ya ce ina da shi nake ɓoyewa, ta daina sa mini suga a shayi. Ina sha a haka, na san alhaki ne.

Na yi tunanin in watsa wa Magaji ruwa. Na yi tunanin in jefa takarda ba suna a ofishin manaja. Na yi tunanin in ce idona ne ya tsufa, amma wa zai bar makaho yana gadin kyamara? In na faɗi gaskiya korata za a yi, a ce na yi wa kamfani zagon ƙasa. Ita kuma injiniyar nan da har ta sayo mini maganin ɗigawa a ido, sunanta ne a kan aikin. In na yi shiru, ɗan wani zai haɗiyi gilashi. Ni mai barkwanci ne, a wurin aiki ni ake jira in zo a yi dariya, amma wallahi tsoro nake ji. Ya zan yi?

Naki,
Malamin Magaji

Amsa:

Ɗan'uwa Malamin Magaji, na yi dariya a farkon wasiƙarka, kafin in kai ƙarshe dariyar ta tsaya. Ka yi laifi, ka kuma san ka yi, don haka ba zan ɓata kwanakinka goma sha biyu da faɗa ba.

Ka fara cire wani fata daga ranka: na'urar nan ba za ta gyara kanta ba. Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira bai san kwalba ba, bai san leɓen yaro ba. Misalai ake tara masa, ya nemo abin da masu kyau suka yi tarayya a kai da abin da marasa kyau suka yi tarayya a kai, ya bi wannan. Haka yake a injin shinkafa, haka a masaƙa, haka a wurin tantance fata. Yana da sauri, ba ya gajiya, amma iyakar gaskiyarsa ita ce gaskiyar wanda ya koya masa. Ka ce masa tsagi lafiya ne, zai riƙe haka har a sake koya masa. Kuma kai kaɗai ka san yana buƙatar hakan.

Ban ɗora maka kayan duka ba. Kamfanin da ya sa mutum ya koyar da abin da zai maye gurbinsa, bai zaunar da shi ya gaya masa makomarsa ba, shi ya buɗe ƙofar tsoro. Injiniya ma ta yi sakaci. Ba a dogara da idon mutum ɗaya a irin wannan aiki, kuma ba a auna ɗalibi da amsar malaminsa kaɗai ba tare da an gwada shi da kwalabe na gaske ba. Tsoronka na rasa aiki ba shirme ba ne, mutane suna rasawa. Sai dai wanda zai buɗe kwalbar nan ba shi ya sayo na'ura ba, ba shi ya ƙi yi muku bayani ba.

Ka bar maganar ruwa. Za a gyara akwatin ya dawo da ƙaryarsa, kai kuma ka ƙara laifi a kan laifi. Takarda ba suna za ta iya kwana a aljihun tebur har wata ya kama. Cewa idonka ya tsufa kuwa ƙarya ce ta biyu, kuma ba za ta nuna wa kowa hotunan da za a gyara ba.

Yau ka gaya wa matarka, ita ce za ta ɗauki nauyin abin da zai biyo baya tare da kai. Gobe kada ka jefar da kwalaben da ka zare, ka adana su. Ka nemi injiniya ita kaɗai, kafin manaja. Ka sa ta mayar da su kan bel ta gani da idonta Magaji ya bar su sun wuce, sannan ka gaya mata abin da ka yi da dalilinka, ba ragi, ba barkwanci. Gara ta ji daga bakinka yanzu, tana da damar gyara aikinta da kanta, da ta ji bayan wani ya ji rauni. Daga nan ku shiga wurin manaja tare, kuma in kuna da ƙungiyar ma'aikata ka tafi da wakilinta. Abu biyu za ku nema: a ɗage ranar cire kujera, a kuma sake duba hotunan da ido biyu ko uku. Kafin nan, ka ce wa Dogo da sauran su dawo da idonsu kan leɓen kwalba tun daga aikin gobe.

Ba zan yi maka alkawarin ba za a kore ka ba. Zai yiwu a dakatar da kai, zai yiwu abin ya fi haka. Amma mutumin da ya kawo kansa kafin a yi ɓarna daban yake da wanda bincike ya tono, a wurin kamfani da wurin hukuma. Kuma duk wanda zai gyara na'urar nan yana buƙatar mai ganin wannan tsagin, a yanzu da duk lokacin da aka canja samfurin kwalba. Kada ka yi ciniki da wannan, ka bari su gano da kansu.

Ko da aikin ya tafi, za a sha wuya a nemi wani. Yaron da gilashi ya yanke wa maƙogwaro ba a nemo masa wani. Kada ka jira jibi. Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya sa a saurare ka da adalci, Ya rufa maka asiri kai da iyalinka.