Dattijon da Ya Karɓi Gyarana

Baba Uzairu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku. Yaya jikin Inna, yaya damina a Sinja?

Ina lafiya a Istanbul. Sanyi yana hana ni sakewa, amma kada ku damu.

Jiya muka gama taron masana tarihin daular Sinnar. Wani dattijon farfesa ya karanta tsohuwar takardar wani alhaji, ya ce kalmar "zango" da ke cikinta sunan gari ne. Na miƙe, na ce masaukin ayari ne. Sai ya ce, "Shekara talatin ina kuskure. Na gode, malama."

A gaban mutum ɗari biyu, Baba! Ku roƙa mini Allah in tsufa da irin halinsa.

Ɗiyarku,
Muhsina