Na Hana Ta Ƙarin Wuri a Kwamfuta, Ta Hana Ni Kujerar Motarta

Anti Muhibba, don Allah ki taimake ni, raina ya gama ɓaci.

Ina aiki a wata hukuma a Utako, ni ke kula da babbar kwamfutar da duk sassa ke aiki a kanta. Ma'ajiyar bayanai ɗaya ce, ni ke yanka wa kowane sashe kasonsa. Kowa yana ganin nasa tamkar faifansa na kansa, amma da iyakar da ba ya wucewa. In na ƙara wa wani, daga na kowa na ɗebo.

Magdalene ƙawata ce, kullum ita ke ɗauko ni a motarta daga Ushafa. A cikin motar ta nemi alfarmar in ɗaga mata iyaka, wai kason sashenta ya kusa cika. Haka ake yi a wurinmu, ba a nema a ofis, sai a mota ko wajen cin abinci. Na ce ba zai yiwu ba, ma'ajiyar kanta saura kaɗan ta cika maƙil, in ta toshe aikin kowa zai tsaya cak. Ranar gabatar da rahotonta kuwa kason nasu ya cika, aikin ya yanke a gaban oga, ta sha faɗa.

Tun daga nan wuce ni take yi a bakin titi, gilashi a rufe. A ofis sunana marowaciya, sai ka ce gadon ubana nake tsaro. Wallahi abin yana ci mini rai. Ni ce mai laifi?

Wadda Aka Bari a Titi

Ƙanwata, hanawar da kika yi daidai ce, ba don ƙeta aka sa iyakar ba. Ita ma Magdalene ba ta kyauta ba da ta mayar da kujerar mota bulala.

Amma ke kin san inda abin zai kai in kason nasu ya cika, ita ba ta sani ba, kika ce a'a kika yi shiru. Da kin zauna da ita kun kwashe tsofaffin bayananta zuwa wani wuri, ko kun je wa oga tare, da ba ta ji kunya ba. Wannan shirun ne ya ƙona ta.

Ki same ta a gida, ba a titi ba. Ki ba ta haƙuri kan shirun, kada ki ba ta kan iyakar. In ta ƙi saurara, ki hau bas da mutuncinki.

Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya daidaita tsakaninku.