Fuskar Ba Lahsan a Bangon Gidan Wanka

Darb Sultan, Kasablanka

Zuwa ga ƙanena Abdulhak,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Su'ad da yara, ya kuma sassauta maka ciwon bayan da sanyin Torino ke tayarwa. Mu nan sai godiya. Inna ta fara cin abinci sosai, ƙafar ce dai har yanzu ba ta yarda da hawa bene ba. Na zaɓi rubutu ne don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, wannan kuwa sai an ji ta duka.

Ka tuna Ba Lahsan, direban da kuka yi aiki tare a tashar bas? Shekara shida ke nan yana kwana a rumfar bayan kasuwar kifi. Kunya ce ta hana ni gaya maka, domin ni ma ina cikin masu sauya hanya in sun hango shi. A unguwa cewa ake yi shaye-shaye ne ya kai shi. To, 'yarka Gizlan, ta wajena, da abokan zanenta sun yi wata uku suna zama da masu kwana a titi, suna shan shayi tare, suna jin labarinsu, sannan su zana labarin gida-gida, kowane gida da hotonsa, da maganar mutum a rubuce saman kansa. Mai gidan wanka ya ba su bangonsa. A nan ta zana Ba Lahsan gida goma sha biyu: ga shi riƙe da sitiyari, ga matarsa tana jinya shekara biyu, ga idonsa ya dushe an sallame shi daga aiki, ga ranar da aka fito masa da katifa waje. Na roƙe ta ta sauya fuskar, ta ce shi da kansa ya ƙi.

Abdulhak, da ka ga unguwar nan. Hajja Mbarka, wadda ke kwara ruwa a makwancinsa kowace safiya don ya tashi, ta tsaya gaban bangon har ta manta da kwandonta, yanzu ita ke aika masa miyar harira. Mahauci yana tsokanarsa wai yanzu sai an bi layi za a gaishe shi, shi kuma ya ce yarinyar ta cuce shi, ta rage masa gashi ta ƙara masa hanci. Har wani likita ya zo ya duba idon.

Daga nan hoton bangon ya bi wayoyi har Fas, inda Murad, ɗan Ba Lahsan, yake. Ashe ya gaya wa surukansa tuntuni cewa mahaifinsa ya rasu. Ya kira Gizlan ya zage ta tas, ya ce ta tona masa asiri, zai kai ta kotu, kuma ranar Juma'ar ƙarshen wata zai zo da fenti ya shafe bangon, ya ɗauke tsohon ya kai shi inda ba mai ganinsa. Da labari ya kai kunnen Ba Lahsan, sai aka neme shi aka rasa. Kwana biyu Gizlan ba ta sa komai a baki ba, daga wannan asibiti sai wancan, tana cewa ita ta jawo masa. A rana ta uku ta same shi zaune a bencin tsohuwar tasharku, bargonsa a naɗe a cinya. Ta durƙusa ta ce a ranar za ta goge zanen. Sai ya ce mata, "'Yata, shekara shida ba wanda ya dubi fuskata. Kada ki goge. In Murad ya zo, ki bar shi ya karanta daga gidan farko."

Ya dawo rumfarsa, amma hankalina bai kwanta ba. Ka san zafin kan Gizlan, ta rantse za ta tsaya gaban bangon ranar, samarin unguwa kuma sun ce suna bayanta. Shugabar makarantar da take koyarwa ta riga ta ja mata kunne. Abin da ya fi damuna shi ne tsohon nan ya tsaya yana kallon ɗansa na shafe masa fuska a gaban jama'a. Ba na jin zuciyarsa za ta ɗauka.

Murad a gabanka ya girma, kawu yake ce maka. Lambarsa na bayan takardar nan, wadda na ba Si Idris, mai tahowa Torino, ya kawo maka hannu da hannu. Don Allah ka kira shi. Kada ka yi masa faɗa, shi ma kunya ce ke cin sa. Ka ce masa ya zo, amma ya bar fentin a Fas.

Inna na sa maka albarka. Gizlan da maigidana Si Bushaib suna gaishe ka. Ka gaida Su'ad, da Nizar, da ƙaramar Wi'am. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Zuhur